Tsokaci a kan Matakai Huɗu na Masters da Johnson: Abin da Jiki Ya Nuna da Abin da Laka da Ƙwaƙwalwa Suka Ƙara

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne yin tsokaci a kan wani littafi da masana biyu na ƙasar Amurka, William Masters da Virginia Johnson, suka wallafa a shekarar 1966 mai suna Human Sexual Response, wato yadda jikin ɗan Adam yake amsa kiran sha'awa. Mun zaɓi wannan littafi ne domin duk da daɗewarsa, har yanzu zanen nan nasa na matakai huɗu shi ne ake kwafowa a littattafan ilimin kiwon lafiya, ɗalibanmu masu shirin zama malamai su haddace shi, su kuma je su koyar da shi tamkar doka ce da ba ta da togaciya. Duk abin da malami ya karɓa ba tare da tankaɗe da rairaya ba, haka zai miƙa shi ga na bayansa, da tsakinsa da dusarsa.

Mun san wannan batu ne da kunya take hana a tattauna shi a bainar jama'a. Sai dai malamanmu na fiƙihu ba su taɓa ƙin yin bayaninsa a zaure ba idan karatu ya biyo ta kansa, domin tsarki da zaman aure sun rataya a kansa. A kan wannan turba za mu bi. Za mu fara da tantance kalmomi, sa'an nan mu kawo abin da littafin ya ƙunsa, mu nuna inda ya yi fice da inda ya gaza, mu auna shi da abin da binciken laka da ƙwaƙwalwa ya gano bayansa, daga ƙarshe mu duba abin da ya shafe mu a matsayinmu na malamai.

2.0 Kalmomin da Za Mu Yi Aiki da Su

A maganar yau da kullum kalmar sha'awa takan ɗauki ma'anoni da yawa, har ta haɗa buƙatar da ke cikin zuciya da canjin da ke faruwa a jiki. A nan za mu raba su. Sha'awa ita ce buƙatar da mutum yake ji a ransa. Motsuwa ita ce canjin da ake iya gani ko aunawa a jiki, kamar miƙewar gaban namiji ko danshin gaban mace. Ƙololuwa ita ce matuƙar jin daɗin da motsuwa take kaiwa gare shi. Inzali kuwa, kamar yadda asalin kalmar yake a Larabci, fitar maniyyi ne. Mutane sukan yi amfani da inzali a madadin ƙololuwa, amma nan gaba za mu ga cewa abubuwa ne biyu da jiki yake iya rabawa.

Ya kamata mu tuna cewa littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda aka rubuta tun ƙarni na 10 kuma ake karantawa a makarantunmu na ilimi, ya bambance maniyyi da maziyyi da wadiyyi, ya kuma bayyana cewa maziyyi yakan fita a lokacin wasa ko a lokacin tunani kawai. Wannan batu na tunani yana da muhimmanci ga hujjarmu, za mu komo kansa.

3.0 Littafin da Abin da Ya Ƙunsa

Masters likitan mata ne a Jami'ar Washington da ke birnin St. Louis. Ya fara wannan bincike a 1954, Johnson ta shigo aikin a 1957. Kafin su, Alfred Kinsey ya wallafa rahotanni biyu, na maza a 1948 da na mata a 1953, amma shi tambayoyi ya yi, mutane suka ba shi labari. Su kuwa Masters da Johnson suka ɗauki hanyar gani ya kori ji. Sun kawo mata 382 da maza 312 ɗakin gwaji, suka auna bugun zuciya da hawan jini da numfashi da motsin tsoka, suka kuma yi amfani da wata na'ura mai ɗauke da kyamara domin ganin abin da ke faruwa a cikin farji. Sun ce sun lura da aukuwar abin kimanin sau 10,000, kashi uku cikin huɗu a jikin mata.

Daga nan suka fitar da matakai huɗu. Na farko shi ne motsuwa: jini yana kwarara zuwa al'aura, azzakari ya miƙe, farji ya yi danshi cikin daƙiƙa 10 zuwa 30, cikinsa ya buɗe, mahaifa ta ɗaga sama. Na biyu shi ne ɗorewa, inda canje-canjen nan suke ƙaruwa su tsaya a sama: bakin farji ya kumbura, ɗan-tsaka ya janye cikin fatarsa, maraina su ɗaga, wani ruwa kaɗan ya fito daga gaban namiji, wanda shi ne maziyyin malaman fiƙihu. Na uku shi ne ƙololuwa, inda tsokokin mara suke tsukewa suna saki, kusan sau ɗaya a kowace daƙiƙa 0.8 a farkon abin, ga namiji da mace baki ɗaya. Na huɗu shi ne lafawa, jini ya koma, jiki ya dawo yadda yake. A wannan mataki namiji yana da lokacin hutu wanda ba ya iya sake kaiwa ƙololuwa a cikinsa, alhali mata da yawa suna iya sakewa ba da jinkiri ba. Duka wannan, in ji su, abubuwa biyu ne suke haddasa shi: taruwar jini da ɗaurewar tsoka.

4.0 Inda Littafin Ya Yi Fice

Yabon gwani ya zama dole. Da farko dai, littafin ya gyara kurakuran da likitoci kansu suka daɗe a kai. An ɗauka cewa danshin farji daga wasu ƙananan ƙulli biyu da ke bakinsa ko daga bakin mahaifa yake fitowa. Masters da Johnson suka nuna cewa mafi yawansa tsattsafowa yake yi ta bangon farjin, kamar yadda sabuwar randa take gumi, saboda jinin da ya taru a jijiyoyin da ke kewaye. Ke nan danshi ɗan'uwan miƙewa ne, tushensu ɗaya.

Na biyu, sun karya wani ra'ayi na Sigmund Freud wanda ya yi wa mata illa fiye da shekara hamsin. Tun 1905 Freud ya koyar da cewa jin daɗin da ya dogara ga ɗan-tsaka na ƙuruciya ne, cikakkiyar mace dole ta mayar da jinta zuwa farji, wadda ta kasa kuwa tana da nakasa a tunaninta. Awon Masters da Johnson ya nuna cewa abin da tsokoki da jijiyoyin jini suke yi iri ɗaya ne ko ta wace hanya aka kai ƙololuwa. Da wannan aka sauke wa ɗimbin mata laifin da ba su yi ba.

Na uku, cikin mutanen da suka bincika akwai mace mai shekara 78 da namiji mai shekara 89. Suka nuna cewa tsufa yana rage sauri da ƙarfin amsawar jiki, amma ba ya kashe ta. Waɗannan abubuwa uku har yau suna tsaye, kuma babu wani sukan da za mu yi da zai rushe su.

5.0 Inda Littafin Ya Gaza

5.1 Zaɓen Mutanen da Aka Bincika

Babbar ɓarakar littafin tana cikin sharaɗin shiga binciken. Ba a karɓi kowa ba sai wanda ya tabbatar cewa yana kaiwa ƙololuwa, kuma zai iya yin haka a ɗakin gwaji, ga fitilu ga wayoyi a jikinsa ga masu kallo. Masaniyar halayyar ɗan Adam Leonore Tiefer ta nuna a 1991 cewa wannan sharaɗi ya riga ya yanke hukunci tun kafin a fara shari'a. Wanda ya tara masu gudu zalla ya auna su, ba zai fito ya ce ga yadda 'yan Adam suke tafiya ba. Haka nan wanda ya tara masu kaiwa ƙololuwa zalla dole ya tarar da ƙololuwa a tsakiyar zanensa. Abin da aka samu bayanin wasu mutane ne na musamman, amma sunan littafin ya jingina shi ga ɗan Adam gaba ɗaya.

Daɗin daɗawa, mafi yawan mutanen farar fata ne, masu ilimin boko mai zurfi, daga kewayen jami'a guda a birni guda. Baƙar fata ƙalilan ne a cikinsu. Wani misali zai nuna illar wannan. Littafin ya bayyana wani ja da fatar ƙirji da wuya take yi a lokacin motsuwa, ya ce ana ganinsa a jikin kimanin kashi 75 cikin 100 na mata da kashi 25 cikin 100 na maza. Alama ce da ido yake gani a farar fata. Ɗalibinmu da ya haddace ta a matsayin alamar motsuwa ya haddace abin da da wuya ya yi masa amfani a tsakanin mutanensa. Haka kuma littafin ya yi rowar alƙaluma: sau da yawa yakan faɗi sakamako ba tare da ya nuna mutum nawa aka auna a kan wannan batu ba, ko yaya bambancin da ke tsakaninsu yake, ta yadda wani mai bincike zai iya bin sawu ya tabbatar.

5.2 Matakin da Aka Tsallake

Zanen ya fara ne daga lokacin da jini ya soma kwarara. Bai ce kome ba game da abin da ya sa mutum ya nemi abin tun farko. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin duk wanda ya kawo kansa ɗakin gwaji ya riga ya zo da niyyarsa. Likitar nan ta New York, Helen Singer Kaplan, ta lura cewa da yawa daga masu zuwa wurinta jikinsu lafiya lau yake, abin da suka rasa shi ne buƙatar kanta. Saboda haka a 1979 ta kawo tsari mai matakai uku: sha'awa, motsuwa, ƙololuwa. Wannan gyara ne mai kyau, amma ya bar zanen a miƙe, mataki na bin mataki kamar hawan tsani. Kundin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka fitar a 1980 ya ɗauki wannan tsani ya gina jerin cututtuka a kansa: duk wanda ya rasa wani mataki, yana da ciwon wannan mataki. Ta haka bayanin abin da aka gani a jikin mutum 694 ya rikiɗa ya zama ma'aunin lafiyar kowa.

A shekarar 2000 Rosemary Basson ta birnin Vancouver a Kanada ta ƙalubalanci tsanin kansa. Ta ce mata da yawa, musamman waɗanda suka daɗe a ɗakin aure, ba sa fara jin sha'awa kafin a kusance su. Sukan amince ne saboda ƙauna da son kusanci, idan wasa ya yi daɗi kuma hankali yana kwance sai motsuwa ta zo, daga bisani sha'awa ta biyo. Gamsuwar da aka samu, ko da ƙololuwa ko babu, ita take buɗe ƙofar karo na gaba. Ke nan zanen zobe ne, ba shi da farko guda. Kundin likitocin nan na 2013 ya karɓi wani sashe na wannan ra'ayi, ya haɗe matsalar sha'awa da ta motsuwa wuri ɗaya a wajen mata.

5.3 Matakin Ɗorewa

Tun 1976 masanin tarihi Paul Robinson ya yi tambayar da har yau ba a amsa ta da kyau ba: mene ne ya raba mataki na biyu da na farko? Idan aka duba jerin alamomin, kusan duk abin da aka lissafa a ɗorewa ƙaruwa ce ta abin da ya fara a motsuwa. Babu wata iyaka da na'ura take nunawa. Kaplan ma ta zubar da wannan mataki. Muna ganin adadin huɗu ya samu karɓuwa ne saboda sauƙin zanawa a allo da sauƙin haddacewa. Adalci ya sa mu faɗi cewa marubutan sun zana hanya ɗaya ga maza da hanyoyi uku ga mata, ɗaya daga ciki ma ba ta kai ƙololuwa ba. Masu taƙaita littafin ne suka bar hanya guda suka zubar da saura, don haka wani kason laifin namu ne, mu malamai.

5.4 Jiki da Zuciya

Littafin ya ɗauka cewa abin da na'ura ta auna a al'aura shi ne abin da mutum yake ji. A 2010 Meredith Chivers da abokan aikinta suka tattara bincike 132 da aka gwada abubuwan nan biyu a lokaci guda. A ma'aunin da 1 yake nufin cikakken daidaito, 0 kuma yake nufin babu alaƙa, maza sun samu 0.66, mata 0.26. Ma'ana, jikin mace yana iya nuna alamar motsuwa alhali ita ba ta jin kome, kuma tana iya jin sha'awa alhali jikin bai nuna ba. Akwai muhawara a kan ko na'urar da ake auna mata da ita tana da hannu a faɗin wannan tazara, amma tazarar tana nan. Darasin yana da nauyi ta fuskar shari'a da ɗa'a: danshi ko miƙewa, kai ko ƙololuwa kanta, ba shaidar yarda ba ce. Wanda aka yi wa fyaɗe jikinsa yana iya amsawa ba da sonsa ba, kuma rashin sanin wannan yakan sa ya zargi kansa, ko masu hukunci su zarge shi.

6.0 Abin da Laka da Ƙwaƙwalwa Suka Ƙara

Ba za mu zargi marubutan da rashin na'urorin da ba a ƙera ba a zamaninsu. Amma dole mu nuna cewa taruwar jini da ɗaurewar tsoka sakamako ne, masu ba da umurnin suna wani wuri.

6.1 Laka

Tawagogi uku na jijiyoyin saƙo suke raba aikin. Tawagar farko, mai aiki a lokacin natsuwa, tana fitowa daga ƙarshen laka a wajen ƙugu, ita take buɗe hanyoyin jini. Ta biyu, mai aiki a lokacin firgita da yunƙuri, tana fitowa daga tsakiyar baya, ita take tura maniyyi zuwa mafitarsa, ita kuma take rufe hanyoyin jini idan tsoro ya zo. Ta uku tana kai saƙon taɓawa daga al'aura, tana kuma motsa tsokokin mara. Daga wannan kaɗai ana iya gane dalilin da ya sa fargaba take kwantar da gaban namiji lafiyayye, ta kuma busar da mace lafiyayya.

A 1992 aka tabbatar cewa saƙon da tawagar farko take sakewa wata iska ce mai suna naitirik oksaid, wadda take sassauta tsokokin bangon jijiyoyin jini. Maganin sildenafil, wanda aka amince da shi a Amurka a 1998, yana hana saurin lalacewar sinadarin da wannan iska take haifarwa. Ke nan ba ya ƙirƙiro sha'awa, sai ya tarar da saƙo ya riga ya taso sa'an nan ya ƙarfafa shi. A 2002 kuma William Truitt da Lique Coolen suka gano wani gungun ƙwayoyi a lakar ɓera wanda idan aka lalata shi, ɓeran yana ci gaba da barbara amma inzali ba ya zuwa.

Mutanen da laka ta tsinke musu sun koya wa masana abu mai yawa. Wanda tsinkewar ta same shi a sama, gabansa yakan miƙe idan an taɓa ko da bai ji taɓawar ba. Wanda ta same shi can ƙasa yakan rasa wannan, amma wani lokaci tunani ko gani ya motsa shi. Hanyoyi biyu ne ke nan, ta taɓawa da ta tunani, kamar yadda muka ga Risala ta ambaci wasa da tunani. Haka nan ana samun inzali ba tare da ƙololuwa ba, ana kuma samun ƙololuwa ba tare da fitar maniyyi ba. Wannan ne ya sa muka raba kalmomin tun farko. A 2004 Barry Komisaruk da Beverly Whipple suka ba da rahoton wasu mata da lakarsu ta tsinke gaba ɗaya amma suna jin taɓawar bakin mahaifa, wasunsu har su kai ƙololuwa. Hoton ƙwaƙwalwarsu ya sa suka jingina abin ga jijiyar bagus, wadda take zuwa ƙwaƙwalwa ba ta cikin laka ba. Matan kaɗan ne, amma binciken ya raunana da'awar cewa hanya guda ce tak. Aikin Helen O'Connell ta Melbourne a 1998 shi ma ya nuna cewa abin da ake gani na ɗan-tsaka kansa ne kawai, sauran jikinsa yana ciki, ya rungumi hanyar fitsari da bangon farji. Saboda haka tsohuwar gardamar nan ta farji ko ɗan-tsaka ta ginu ne a kan rabon da halitta ba ta yi ba.

6.2 Ƙwaƙwalwa

Gwaje-gwajen dabbobi sun nuna cewa wani yanki a gaban haifotalamos, can ƙasan ƙwaƙwalwa, yana da babban matsayi a wajen barbara, kuma sinadarin dofamin yana zuga, serotonin kuwa galibi yana ja da baya. An ga tabbacin haka a jikin mutane: magungunan baƙin ciki masu ƙara serotonin sukan jinkirta ƙololuwa ko su hana ta. A kan irin wannan John Bancroft da Erick Janssen suka gina ra'ayinsu na 2000, cewa ƙwaƙwalwa tana da mai zugawa da mai tsayarwa, kamar ƙaimi da linzami, kuma ƙarfin kowanne ya bambanta daga mutum zuwa mutum. Zanen matakai huɗu ƙaimi kawai ya sani. Alhali sau da yawa abin da ya hana motsuwa linzami ne da aka ja: tsoron ɗaukar ciki, ko zafi, ko gajiya, ko fushin da ba a furta ba, ko yara da ke kwana a ɗaki ɗaya.

Game da ƙololuwa kanta, ya kamata mu yi hattara kada mu sake maimaita kuskuren karɓar kome ido rufe. A 2003 Gert Holstege da abokansa na Groningen a ƙasar Holan suka ga cewa a lokacin inzalin namiji yankin lada na tsakiyar ƙwaƙwalwa yana kunnuwa ƙwarai. A 2006 Janniko Georgiadis na wannan jami'a ya ba da rahoton cewa a wajen mata wani yanki na goshin ƙwaƙwalwa mai kula da kamun kai yana lafawa. A 2017 Nan Wise da Komisaruk, da wata na'ura dabam, suka ce ba su ga wannan lafawa ba, ƙaruwar aiki suka gani a wurare da yawa. A kowane ɗaya daga binciken nan uku mutanen ba su kai ashirin ba. Haka batun lokacin hutun namiji yake. An daɗe ana jingina shi ga sinadarin furolaktin saboda yana ƙaruwa a jini bayan ƙololuwa, sai ga wani gwaji da aka yi da ɓeraye a Lisbon a 2021 ya nuna cewa ƙara shi ko tare shi bai canza tsawon hutun ba. Wanda ya soki Masters da Johnson a kan zaɓen mutum 694, bai kamata ya miƙa wuya ga hoton ƙwaƙwalwar mutum goma ba.

7.0 Abin da Ya Shafe Mu

Me ya haɗa malamin kwalejin ilimi da gardamar masanan Amurka da Turai? Abin da ya haɗa su shi ne abin da yake faruwa a gidajenmu. Kasuwar kayan mata da ta maganin ƙarfin maza ta kafu ne a kan zaton da zanen nan yake ƙarfafawa, wato cewa matsalar tana cikin al'aura, maganinta kuma abin sha ne ko abin matsi. Matar da sha'awarta ba ta zuwa sai an lallashe ta takan ɗauka ba ta da ni'ima, miji ma ya ɗauka haka, alhali bisa bayanin Basson lafiyarta ƙalau. Takan kashe kuɗi, wani lokaci ta cusa abin da zai ƙona mata fata ko ya jawo ciwon sanyi, abin da ake buƙata kuwa lokaci ne da kyakkyawar magana. Aure nawa ne ya mutu a kan wannan ba tare da an faɗi dalilin a gaban alƙali ba?

Ta wajen maza kuma haɗarin iri biyu ne. Tun da miƙewa aikin jijiyoyin jini ne, rauninta a wajen magidanci yakan zama alamar farko ta ciwon sukari ko hawan jini ko ciwon zuciya. Wanda ya rufe alamar da tsimi ya jinkirta zuwa asibiti. Sa'an nan a ƙasashe da dama an sha kama magungunan da ake tallatawa da sunan na gargajiya an cuɗa musu sildenafil a ɓoye, shi kuwa idan ya haɗu da wasu magungunan ciwon zuciya yana iya faɗar da jini har ya kai ga halaka.

Saboda haka muna ba da shawarwari uku. Na ɗaya, a ci gaba da koyar da matakai huɗu, amma a matsayin bayanin abin da aka gani a wasu mutane a wani lokaci, tare da hanyoyi ukun da aka zana wa mata da kuma gyaran Kaplan da Basson. Na biyu, a shigar da aikin laka da ƙwaƙwalwa, musamman batun ƙaimi da linzami da bambancin amsawar jiki da yarda. Na uku, malaman Hausa da na kiwon lafiya da na addinin Musulunci su zauna tare su daidaita kalmomin wannan fanni, su fara daga waɗanda fiƙihu ya riga ya tanada, domin ɗalibi ya samu harshen da zai yi magana da shi a gaban manya ba tare da batsa ko kame-kame ba.

8.0 Kammalawa

A wannan takarda mun yi ƙoƙarin nuna cewa littafin Masters da Johnson ya yi daidai a kan yawancin abin da ya auna, wato jini da tsoka, ya kuma kawar da ra'ayoyin da suka cutar da mata da tsofaffi. Gazawarsa ta fito ne daga wurare huɗu: zaɓen mutanen da suka riga suka dace da zanen, tsallake sha'awa, ƙirƙiro iyaka tsakanin motsuwa da ɗorewa, da ɗaukar awon al'aura a matsayin abin da zuciya take ji. Binciken laka da ƙwaƙwalwa ya cike wasu guraben, ya kuma buɗe sababbin gardandami da ba a rufe ba tukuna. Abin da muke roƙo ga mahalarta wannan taro shi ne a fara da aikin kalmomi, domin shi ne yake hannunmu, kuma sai da shi sauran shawarwarin za su iya shiga aji.